Michael Faraday, Ɗan Maƙeri, da Asirin da Ke Cikin Gilashi

Kowa ya dubi gilashin taga ko kwalba, sai ya ɗauka abu ne matacce, ba wani motsi a cikinsa. Har ma masu aikin lantarki su kan ɗora shi a kan turakun waya domin ya tare wutar, kada ta bi itace ta sauka ƙasa. Amma in aka gasa gilashin nan ya yi zafi, aka kafa masa lantarki gefe da gefe, sai waɗansu 'yan ƙwayoyi da ke cikinsa su tashi su kama tafiya, su fice ta wancan gefe, waɗansu baƙi su shigo su zauna a gurbinsu. Gilashin kuwa yana nan yadda ya ke, bai narke ba, bai fashe ba. Mutumin da ya raɗa wa ƙwayoyin nan suna, ya gano ƙa'idar tafiyarsu, ya kuma fara bayyana irin ƙarfin da ke kora su, shi ne Michael Faraday, ɗan wani maƙeri na ƙasar Ingila. Abin mamaki, shekarun da ya yi yana narka gilashi suna cikin waɗanda ya fi jin haushinsu duk tsawon aikinsa. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da a ke kira Newington Butts, kudu da birnin Landan. Ubansa, James, maƙeri ne, amma ba ya da cikakkiyar lafiya, saboda haka sau da yawa maƙerar a rufe ta ke. Su huɗu ne 'ya'yan gidan, Michael shi ne na uku. A shekarar 1801 aka yi tsadar abinci a Ingila, har ta kai a kan ba yaron burodi guda ɗaya ya yi mako yana gutsura. Makarantar da ya yi kuwa ba ta wuce ta koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Da ya shekara 13 sai ya shiga aiki wurin wani mai sayar da littattafai, sunansa George Riebau, yana kai wa mutane jarida gida gida. Da maigidan ya ga hankalinsa, sai a 1805 ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinka littattafai da yi musu bango, aka yi sharaɗi zai yi shekara 7. To, nan fa Allah ya buɗe masa ƙofa. Sauran yara su ɗinka littafi su ajiye, shi kuwa sai ya karanta abin da ke ciki. A nan ya ci karo da babin lantarki cikin babban ƙamusun nan, Encyclopaedia Britannica, da kuma wani littafi na kimiyyar haɗa magunguna wanda wata mace, Jane Marcet, ta rubuta cikin sauƙin harshe. 'Yan kwabbansa ya kan sayi tsofaffin kwalabe da su, ya gwada ko abin da littafi ya faɗa gaskiya ne. Wansa Robert, wanda ya gaji ƙira, shi ya kan biya masa sule guda na shiga laccar dare da a ke yi a gidan wani maƙerin farfaru, John Tatum.

A shekarar 1812 wani mai sayen littattafai a kantin ya ba shi tikitin shiga lacca huɗu na Humphry Davy, shahararren masanin kimiyya na wani gidan bincike a Landan da a ke kira Royal Institution. Faraday ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinka takardun ya yi musu bango da hannunsa, littafi mai shafi wajen 300, sa'an nan ya aika wa Davy, yana neman aiki. Ana nan, sai aka kori wani yaron ɗakin gwaji saboda faɗa. A watan Maris na 1813 aka ɗauki Faraday a gurbinsa, ana biyansa sule 25 a mako, aka kuma ba shi ɗakin kwana a can saman gidan. Aikinsa na fari wankin kwalabe ne da share kayan gwaji.

A watan Oktoba na shekarar nan Davy ya tafi da shi yawon ƙasashen Turai, suka yi wata 18 suna zaga Faransa da Italiya da Suwizalan. Matar Davy ta mai da shi bara, ba ta yarda ya ci abinci tare da su ba, har ya kusa gudowa gida. Amma ya daure, domin tafiyar ita ce jami'arsa. Ya ga Ampère a Faris, ya ga Volta, wanda ya ƙago batir, a Milan. A birnin Fulorans kuma ya ga Davy ya tara hasken rana da wani ƙaton madubi ya ƙone lu'ulu'u.

Bayan sun komo sai ya fara bincike na kansa. A 1821 ya auri Sarah Barnard, suka zauna lafiya har mutuwa ta raba, ko da ya ke Allah bai ba su haihuwa ba. A cikin shekarar kuma ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta yi ta kewaya maganaɗisu ba tsayawa, wannan kuwa shi ne tushen dukan injunan da lantarki ke juyawa. A 1824 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar jam'iyyar masana ta Ingila, ko da ya ke Davy, wanda ke shugabanta a lokacin, bai so ba.

Shekarun tanderu

A zamanin nan Ingila na cikin wata damuwa. Ƙarfinta a teku ya ke, jiragen ruwa kuwa da masu duban taurari ba su iya aiki sai da madubin hangen nesa mai kyau. Gilashin da a ke yi a Ingila ya kan fito da jijiyoyi da 'yan kumfa a ciki, su karkatar da haske, abin da a ke dubawa ya yi dishi-dishi. Wani Bajamushe kuwa, Joseph Fraunhofer, yana can Bafariya yana yin gilashi garau, ya kuma ɓoye asirinsa. Saboda haka a 1824 Royal Society ta kafa kwamiti na gyaran gilashi, nauyin narkawa da haɗawa kuwa ya faɗo kan Faraday.

Da fari a wata ma'aikatar gilashi ta hayin Kogin Tems a ke gwajin. A 1827 aka gina masa tanderu a Royal Institution, aka kawo masa wani saje na sojan igwa, Charles Anderson, domin ya riƙa kula da wuta. Sajen nan ya zauna da shi kusan shekara 40. An ce wata rana Faraday ya manta bai sallame shi da yamma ba, da safe ya tarar da shi yana nan yana iza wuta, don ba a ba shi umurnin tashi ba.

Aikin akwai wuya, akwai gajiya. Narkakken gilashi ya kan ci tukunyar yumɓu ya gurɓace, sai da Faraday ya koma amfani da faranti na filatinam, wani farin ƙarfe mai tsadar gaske wanda wuta ba ta cinsa da sauƙi. Ya yi ta sāke haɗi, har ya sami wani irin gilashi mai dalma da yawa a ciki, mai nauyi ƙwarai, mai tanƙwara haske fiye da na kullum. A 1829 ya karanta bayanin aikin gaban Royal Society. Amma gilashin bai biya bukatar da aka nema ba, gama yana da taushi, fuskarsa kuma ta kan dushe. Fiye da shekara 5 ke nan sun tafi. Davy ya mutu a 1829, a tsakiyar 1831 kuma Faraday ya roƙi a sauke masa wannan kaya. Ya tattara gutsattsarin gilashin ya ajiye. Ba a yi wata biyu ba, ran 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki. Kowane janareta da kowace taransifoma da ke duniya yau daga nan suka samo asali.

Matafiyan da ba a gani

Daga nan ya juya ga wata tambaya, watau ta yaya lantarki ke ratsa ruwa da narkakken gishiri? A 1833 ya lura ruwa na barin wuta ta wuce, amma da ya daskare ya zama ƙanƙara sai hanya ta toshe. Ya gwada gishiri iri iri ya ga haka abin ya ke: in suna sandare su tare wuta, in an narka su su bar ta ta wuce, tana wucewa kuwa tana rarraba su, wani sashi ya taru a wannan waya, wani a waccan. Tsohon mai tanderu bai manta da gilashi ba, ya gasa shi shi ma ya gwada. Ya tarar gilashi mai dalma in ya yi zafi ƙwarai ya kan bar wuta kaɗan ta wuce. Har wa yau ya sami waɗansu abubuwa, kamar haɗin azurfa da farar wuta, waɗanda ke daɗa buɗe wa lantarki hanya in suna yin zafi, alhali kuwa ba su narke ba. Saboda wannan ne masu binciken tafiyar ƙwayoyi cikin daskararrun abubuwa su ke lissafta shi kakansu.

Ya ga lalle akwai waɗansu abubuwa da ke ɗaukar wutar suna tafiya da ita, amma ba su da suna. Sai ya shawarci wani malami na Kambirij, William Whewell, wanda ya san harshen Yunananci. A 1834 suka daidaita a kan kalmar ayon, ma'anarta kuwa mai tafiya. A yau mun sani ayon ƙwayar zarra ce wadda ta rasa wani ɗan rabo na lantarkinta, ko kuwa ta sami ƙari, don haka wayar batir ɗaya ke janta, ɗayar kuma na ture ta.

Bai tsaya ga suna ba, sai da ya auna. Ya gano ƙa'ida biyu. Ta fari, yawan abin da ya taru a jikin waya daidai ya ke da yawan wutar da ta wuce, in ka ninka wutar ka ninka abin. Ta biyu, wuta ɗaya ba nauyi ɗaya ta ke kwasa daga kowane abu ba, kowanne da nasa rabo bisa ga nauyin ƙwayarsa. Ga misali: wuta amfiya 1 in ta yi awa 1 tana gudu, za ta kwashe azurfa wajen giram 4, amma sodiyam, watau ƙarfen da ke cikin gishiri da kanwa, ba za ta kwashe ko giram 1 cikakke ba. Ku riƙe ƙa'idar nan, za mu komo kanta.

Ajiya ta yi rana

Yawan aiki ya kayar da shi a ƙarshen 1839. Jiri ya dame shi, mantuwa ta kama shi, ya yi shekaru bai yi wani bincike mai yawa ba. A 1845 wani saurayi mai shekara 21, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya rubuto masa takarda yana tambaya ko lantarki na iya taɓa haske in yana ratsa gilashi. Faraday ya gwada da lantarki, bai ga kome ba. Ya koma ga maganaɗisu, ya bi da tataccen haske, watau wanda aka tace har ya zama ta fuska ɗaya kaɗai ya ke kaɗawa, ta cikin abubuwa iri iri, shiru. Ran 13 ga Satumba, 1845, sai ya ɗauko wani guntun gilashin nan mai nauyi da ya ajiye tun shekara 15 da suka wuce, ya sa shi kusa da bakin maganaɗisu. Nan take hasken ya murɗe. Wannan ne karo na fari da ɗan Adam ya nuna akwai dangantaka tsakanin haske da maganaɗisu. A watan Nuwamba kuma ya rataye sandar gilashin da zare tsakanin bakin maganaɗisu biyu, ya ga ta juya ta gitta, daga nan ya gane ba ƙarfe kaɗai maganaɗisu ke taɓawa ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ajiya maganin wata rana.

A cikin watan nan ne ya fara kiran sararin da ke kewaye da maganaɗisu da sunan fili. Yawancin masanan zamaninsa sun ɗauka abu na jan abu daga nesa ne kawai, ba kome a tsakani. Shi kuwa ya ce ƙarfin yana nan shimfiɗe cikin sararin, yana bin layi layi. Kowane malami na iya nuna wa yara wannan: ka ɗora takarda a kan maganaɗisu, ka barbaɗa garin ƙarfe, ka ɗan ƙwanƙwasa, za ka ga layukan sun fito. Haka kuma akwai filin lantarki tsakanin kowace waya biyu ta batir, shi ne ke tura ayon. Da ya ke Faraday bai yi zurfi a lissafi ba, da yawa sun yi wa ra'ayin riƙon sakainar kashi, sai da James Clerk Maxwell ya zuba shi cikin lissafi tsakanin 1855 da 1865.

Ƙarshen kwanakinsa

Faraday mutum ne mai riƙon addininsa, ɗan wata ƙaramar ɗariƙa ta Kirista, bai kuwa damu da dukiya ko sarauta ba. An miƙa masa shugabancin Royal Society ya ƙi. Daga 1836 zuwa 1865 shi ne mai ba da shawara a kan fitilun hasumiyoyin bakin teku na Ingila, yana tsufa yana hawansu cikin sanyi. Ya kuma ƙaunaci koyar da yara. Sau 19 ya yi jerin laccar Kirsimeti ta yara a Royal Institution, mafi shahara a ciki kuwa a kan kyandir guda ya yi ta, ya nuna musu yadda iska da ruwa da wuta su ke aiki. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court. A nan ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate a Landan.

Abin da ya biyo baya

To, yanzu mu ga yadda ayyukansa uku, watau gilashi da ayon da fili, suka haɗu bayan ransa. Gilashi na kullum da yashi da kanwa da farar ƙasa a ke yinsa. In sun narke sun daskare, yashin ya kan zama kamar raga mai ƙarfi, ƙwayoyin sodiyam na kanwar kuwa suna zaune cikin ramukan ragar, ba a ɗaure su tam ba. Da sanyi ba su iya motsi. In zafi ya kai digiri 300 ko 400, sai su fara tsalle daga rami zuwa rami, ragar kuwa ba ta motsa ba.

A 1884 wani Bajamushe, Emil Warburg, malami a jami'ar Freiburg, ya tabbatar da haka. Ya gasa bututun gilashi zuwa wajen digiri 300, ya sa zaiba ciki da waje, ya haɗa batir. Da fari wuta ta gudu, sa'an nan ta yi ta raguwa, domin sodiyam na gefe ɗaya ya ƙaura, ba mai maye gurbinsa. Da ya zuba sodiyam cikin zaibar wannan gefe, sai wuta ta yi ta gudu ba fasawa, sodiyam na shiga ta nan yana fita ta can, gilashin kuwa garau. Ya auna abin da ya ƙetare, ya tarar daidai da ƙa'idar Faraday.

Daga nan sai tunani ya zo: in ana iya fitar da sodiyam, ai ana iya sa wani abu dabam a gurbinsa. Wannan shi ne musanyar ayon. In aka tsoma gilashi cikin narkakken gishirin fotasiyam, irin wanda a ke haɗa albarushi da shi, a zafin digiri wajen 400, sodiyam ya kan fito, fotasiyam ya shiga. Ƙwayar fotasiyam ta fi ta sodiyam girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, saboda haka in ta cusa kanta cikin ramin sai fatar gilashin ta matse, kamar yadda a ke buga ƙusa a bakin ƙota don ruwan fartanya ya kama. Tsaga ba ta samun wurin buɗewa. Kamfanin Corning na Amurka ya fito da irin wannan gilashi a 1962, gilashin fuskar wayoyin hannu kuma, tun daga 2007, da wannan dabara a ke ƙarfafa shi.

Amma tsomawa kaɗai tana da nawa, gama ƙwayoyin yawo su ke yi ba mai kora su. In kana so su ninka zurfin da suka shiga, sai ka ninka lokacin sau huɗu. A nan ne filin lantarki ke da amfani. A kan sa narkakken gishiri a fuska ɗaya ta gilashin, a sa ƙarfe ko wani gishirin a ɗaya fuskar, a haɗa wuta. Filin ya kori baƙin ƙwayoyi su shiga gaba ɗaya kamar garken da makiyayi ke bi da sanda, sodiyam na gudu a gabansu. Aikin ya fi sauri, ya fi zurfi, iyakar inda baƙin suka tsaya kuma ta kan fito sarai. Mai aikin kuwa ba ya bukatar fasa gilashi don ya san abin da ya shiga, sai ya auna wutar da ta wuce ya yi lissafi da ƙa'idar 1834. Aibin hanyar shi ne fuska ɗaya ta ke cikawa, don haka falle mai sirantaka ya kan lanƙwashe, shi ya sa gilashin waya tsoma shi a ke yi kawai.

Inda hanyar ta fi amfani shi ne wajen yi wa haske turba. A 1972 waɗansu Japanawa biyu, Izawa da Nakagome, suka kora ƙwayoyi cikin fallen gilashi da lantarki, suka yi siririyar hanya wadda haske ke bi ba ya fita. Inda aka cusa azurfa ko makamancinta, gilashi ya fi tanƙwara haske, sai hasken ya zauna cikin layin kamar ruwa cikin lambatu. A kan kuma sāke kunna filin a tura layin can ƙarƙashin fata, inda ƙura da ƙarzuwa ba su kai. Da haka a ke yin waɗansu 'yan na'urori masu raba haske a wayoyin gilashi da ke ɗauke da saƙonnin tarho da intanet. Tun 1969 kuma aka san yadda a ke manne gilashi da silikon ba tare da gam ba, ta wajen kore sodiyam daga mahaɗarsu da lantarki, ana kuwa amfani da wannan wajen ƙera ƙananan ma'aunai na motoci da jiragen sama.

Ya ku 'yan'uwa masu shirin riƙe alli, akwai abin lura a nan. Wanda ya buɗe wannan hanya duka yaro ne da bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi a makaranta ba, amma ya sami maigida da ya bar shi ya karanta, da wa wanda ya biya masa sule. Irinsa suna nan a ajin da za a ba ku, 'ya'yan maƙera da majema da masaƙa, suna zaune a bencin baya ba su da ko takalmi. Kada ku auna su da rigarsu. In kuma aka ɗora muku aikin da ku ke ganin ba shi da daɗi, ba shi da riba, ku tuna da shekarun tanderu, ku yi shi sosai, ku rubuta abin da kuka gani, ku adana. Faraday bai sami madubin da aka aike shi nema ba, amma da guntun gilashin da ya rage ya kama abin da ya fi madubi. Allah ya ba mu haƙuri irin na masu neman sani, amin.